Tsohuwar tiya da sabon ma'auni: abin da ke ɓata launi a wajen buga takardu

A kasuwannin Damargu, daga Tanut zuwa Bakin Birji, daga Gangara zuwa Belbeji, ba a ƙulla cinikin hatsi sai an san tiyar da za a yi awo da ita. Mai saye ya san tiyar wani gari ta fi ta wani garin zurfi, ya kuma san wani mai awo yakan kafa hannu a bakin tiya don ya ƙara, wani kuwa ba ya kafawa. Saboda haka ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi, kafin ya tambayi kuɗin gero, tiyar yake fara dubawa.

Abin da jama'a da dama ba su lura da shi ba shi ne, launi ma yana da tiyarsa, kuma rashin sanin wannan tiya yana cin kuɗin mutane shiru. Tun da dokar watan Agusta na 2011 ta cire Belbeji daga ƙarƙashin Tanut ta mai da shi gunduma mai cin gashin kanta, aikin takardu ya ƙaru a garin: takardun shaida, allunan sanarwa, hotunan katin ɗan ƙasa, takardun gayyatar biki, da tambarin da ƴan kasuwa ke mannawa a kan hajarsu. Ƙananan ayyuka akan yi su a nan kusa, manya kuwa sai an aika Damagaram, ko Yamai, ko Kano. A nan ne rigima take tashi. Mai aiki ya ga ruwan goron tutar ƙasa a kan allon kwamfuta, ya yarda, ya biya rabin kuɗi. Ranar da kaya suka iso sai ya tarar ruwan goron ya koma ja kamar na gauta, tsanwar kuma ta yi duhu kamar ganyen da ya kwana. Mai bugawa ya rantse bai taɓa komi ba, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa. Kowannensu da tiyarsa ya auna.

Ba yau mutanen wannan yanki suka fara sanin darajar launi ba. A zamanin da ayarin raƙuma ke ratsa Damargu tsakanin Kano da Agadas, hanyar da Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo a watan Janairu na 1851, ƙyallin turkuɗin Kura da zurfin shuninsa su ne ke yanke masa kuɗi a wajen Abzinawa. A zaɓen 1993 kuma, wanda ya biyo bayan babban taron ƙasa na 1991, dubban masu jefa ƙuri'a da ba su yi lakwal ba da launi suke gane jam'iyya: ruwan hoda na PNDS-Tarayya, tsanwa ta MNSD-Nasara. An rushe jam'iyyun a watan Maris na 2025, amma darasin yana nan: a ƙasar da ba kowa ke karatu ba, launi ma rubutu ne.

Allo da takarda ba harshensu ɗaya ba

Allon kwamfuta, wadda ma'aikata ke kira ordinater, da haske yake yin launi. Yana gauraya ja da tsanwa da shuɗi, kowane daga lamba 0 zuwa 255, abin da ke ba da launuka sama da miliyan 16. Injin bugawa kuwa ba shi da haske nasa na kansa. Tawada yake zubawa a kan takarda, yawanci kala huɗu: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, ruwan ɗorawa da baƙi, sa'an nan takardar ta maido wa ido abin da ya rage na hasken da ya sauka a kanta. Idan an ce wa inji biyu su zuba lamba iri ɗaya, ba lalle su fid da launi iri ɗaya ba, domin lambar umurni ce kawai ta yawan abin da za a zuba, kamar a ce «tiya goma» ba tare da an faɗi ta wace kasuwa ba.

Masana sun daɗe da neman tiyar da kowa zai yarda da ita. Hukumar duniya mai kula da sha'anin haske, CIE, ta kafa hanyar auna launi bisa ganin idon ɗan Adam a 1931, ta kuma fid da ma'aunin da ake kira Lab a 1976, wanda ke ba kowane launi lamba uku: ta haske ko duhunsa, ta karkatarsa zuwa ja ko tsanwa, da ta karkatarsa zuwa ɗorawa ko shuɗi. A 1993 kamfanoni takwas, cikinsu har da Adobe, Agfa, Apple, Kodak da Microsoft, suka kafa ƙungiyar ICC, suka amince da wani ɗan fayil da ake kira furofil. Aikin furofil shi ne tafinta: yana gaya wa kwamfuta cewa a kan wannan inji, da wannan tawada, a kan wannan takarda, in ana son ruwan goro na gaskiya ga lambobin da za a aika.

Hanyar yin sa ba ta da wani sihiri. Ana buga wata takarda mai ɗauke da gidajen launi ƙanana, jere kamar gidajen dara. Wata mai gida 918 ce, wata 1485, wata 1617. A bar ta ta bushe, sa'an nan a bi ta layi-layi da wata ƴar na'ura da ake riƙewa a hannu, ma'aunin launi. Na'urar tana haska kowane gida, ta auna hasken da ya dawo a mataki 36, daga nanomita 380 zuwa 730. Daga nan sai lojisiyel, wato manhajar da ke cikin kwamfuta, ya gwama abin da aka umurci injin ya buga da abin da ya buga a zahiri, ya rubuta furofil. Kayan aikin ke nan guda biyu, ma'auni da lojisiyel, kuma dole su ji maganar juna. A nan gizo yake saƙa.

Yadda tsoho da sabo suka daina gaisawa

A farkon shekarun 2000, lojisiyel biyu ne suka yi suna a wannan sana'a: ProfileMaker na kamfanin GretagMacbeth na ƙasar Suwis, mai ƙera ma'aunin Eye-One, da MonacoPROFILER na Amurka. Kamfanin X-Rite na Amurka ya sayi Monaco a 2003, ya haɗiye GretagMacbeth a 2006, ya ƙara da Pantone a 2007. A 2011 ya fid da sabon lojisiyel, i1Profiler, ya daina raya tsofaffin biyu. A wannan shekara ce kuma Apple ya fid da tsarin Lion, wanda ya daina karɓar lojisiyel ɗin da aka rubuta don tsofaffin kwamfutocinsa. Microsoft ya janye hannu daga Windows XP a watan Afrilu na 2014, daga Windows 7 a watan Janairu na 2020, daga Windows 10 a watan Oktoba na 2025. Su kuwa ma'aunan ba su tsaya ba: i1Pro 2 ya fito a 2012, dangin i1Pro 3 suka biyo baya daga 2019.

Wannan tarihi na kamfanonin Turai da Amurka ya shafi mai shagon hoto na Damagaram kai tsaye, domin kayan da ke isowa nan galibi na hannu ne, kuma ba tare suke tahowa ba. Wani yana da tsohuwar kwamfuta mai ProfileMaker a ciki, wadda ya saba da ita shekara da shekaru, amma ma'auninsa ya mutu, wanda ke kasuwa kuma sabo ne. Wani ya samu sabon ma'auni daga wani ɗan'uwa ko wani aikin raya ƙasa da ya ƙare, amma babu lasisin lojisiyel ɗin da ke tafiya da shi. Ya soka waya, kwamfuta ta yi shiru. Dalili kuwa shi ne tsohon lojisiyel an rufe rubutunsa tun kafin a ƙera sabuwar na'urar, bai san sunanta ba balle harshenta. i1Pro 2 yakan yarda ya yi aiki da wasu tsofaffin lojisiyel kamar shi ne magabacinsa, amma i1Pro 3, da ya zo da fitila irin ta LED da sabon tsari, ba ya yin wannan alfarma.

Takarda ma ta sake hali

Ko da an samu sun gaisa, akwai wata matsala da ta fi wannan zurfi. Masu yin takarda a yau suna zuba mata wani sinadari da ke sa ta yi fari fat, aikin da bula ke yi wa farin boyel. Sinadarin yana shan hasken UV, wanda ido ba ya gani, ya maido shi a matsayin shuɗi-shuɗi. Saboda haka takarda ɗaya takan nuna fari iri ɗaya a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ta nuna wani farin dabam a tsakar rana. Tsofaffin ma'auna da ƙwan lantarki mai zare suke haskawa, kuma ba a ƙayyade yawan UV da ke cikinsa ba. Don a kashe wannan gardama, ƙa'idar ISO 13655 ta 2009 ta raba awo gida huɗu: M0, irin na da; M1, mai kwaikwayon hasken rana da ake kira D50, har da UV ɗinsa; M2, wanda aka tace UV daga cikinsa; da M3, mai kashe ƙyalli. A 2010 kuma X-Rite ya fid da wani daidaito nasa, XRGA, domin ma'aunan da ya gada daga GretagMacbeth da nasa na asali ba sa ba da lamba ɗaya cif a kan launi ɗaya.

Ma'anar wannan ita ce, tsohon lojisiyel da awon M0 ya saba. In aka ba shi awon M1 na takarda mai sinadari da yawa, zai ga takardar ta yi shuɗi fiye da yadda ya sani, ya ƙara ɗorawa don ya gyara, sai hoton ya fito kamar na mai ciwon shawara a ɗakin da babu hasken rana. Lissafin lojisiyel daidai ne, awon na'ura ma daidai ne. Tiyoyin ne ba ɗaya ba.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce a raba aikin biyu. A yi awo da sabon ma'auni ta cikin sabon lojisiyel, a ajiye sakamakon a fayil na rubutu zalla irin wanda ake kira CGATS, a ɗauka a makullin USB, a kai wa tsohuwar kwamfuta ta gina furofil. Tsohon lojisiyel ba ya buƙatar ganin na'urar, lambobin kawai yake so. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, kuma akwai ƙwararrun da har yanzu suke riƙe da ProfileMaker saboda damar da yake ba su ta gyara furofil da hannu. Sharaɗi ɗaya: irin wannan kwamfuta kada a haɗa ta da intanet, tun da masu ita sun daina toshe mata ƙofofi, kuma a adana ɗan makullin lasisinta kamar yadda ake adana takardar fili.

Hanya ta biyu ita ce ArgyllCMS, lojisiyel na kyauta da wani mutumin Ostareliya mai suna Graeme Gill ya rubuta yake kuma ci gaba da rayawa. Yana aiki da tsofaffin ma'auna da sababbi, har da i1Pro 3, yana kuma tafiya a kan Windows da Mac da Linux. Wahalarsa ita ce umurni ake rubuta masa da hannu, kuma bayanansa da Ingilishi suke, abin da ke zama cikas ga wanda ya yi lakwal da Faransanci. Amma matashin da ya iya gyaran wayar salula ba zai kasa koyon umurni huɗu ko biyar ba.

Hanya ta uku ita ce a sayi komi sabo. Ita ta fi sauƙi a baki, ta fi tsada a aljihu: sabon i1Pro 3 da lasisin yin furofil na injin bugawa ya haura miliyan ɗaya na Sefa, kafin sufuri da kuɗin duwan. Wanda ya ga karyewar darajar Sefa ta watan Janairu na 1994, lokacin da kuɗin kayan waje ya ninka cikin dare ɗaya, ya san abin da ake nufi da sana'ar da duk kayan aikinta daga ƙetare suke zuwa.

Tarkunan da ke kan hanya ta farko

Tun da hanya ta farko ce mafi yawa za su bi, ya kamata a san ramukanta. Na farko ya shafi ƙasashe masu aiki da Faransanci musamman. Kwamfutar da aka saita da Faransanci takan rubuta 52,36 da waƙafi, alhali kuwa lojisiyel da yawa 52.36 suke jira, da aya. Wannan ɗan ɗigo kaɗai ya isa ya sa a ƙi karɓar fayil, ko a karanta shi a karkace. Na biyu, jerin gidajen launi: dole gida na 1 a fayil ɗin awo ya zama shi ne gida na 1 a fayil ɗin asali, in ba haka ba an ɗaura wa ja sunan shuɗi. Na uku, sikeli: wani lojisiyel yana ƙidaya daga 0 zuwa 255, wani daga 0 zuwa 100, wani yana rubuta ƙarfin haske daga 0 zuwa 1, wani daga 0 zuwa 100, wani yana jiran mataki 36, wani 31 kawai, daga nanomita 400 zuwa 700. Na huɗu, a zaɓi awon M0 in tsohon lojisiyel za a ba, sai fa in an san abin da ake yi. Na biyar, furofil kansa iri biyu ne ke yawo, zubi na 2 na shekarun 1990 da zubi na 4 na 2001, kuma wasu tsofaffin injuna na biyun kaɗai suke karantawa.

Sai kuma abin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, wato yanayin Damargu. Masu ƙera waɗannan na'urori ba sa son a yi aiki da su a zafin da ya wuce digiri 35, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Tanut da Belbeji yakan haura 40. Awo da sassafe ya kamata a yi shi. Kowane ma'auni yana da ɗan farin tangaran da yake daidaita kansa da shi kafin ya fara aiki. In ƙurar hunturu ta kwanta a kansa, duk awon ranar ya tashi banza. Takardar gwaji kuma a bar ta ta kwana kafin a auna ta, domin tawada tana sake launi yayin bushewa. Abu mafi muhimmanci, furofil na inji ɗaya ne da tawada ɗaya da takarda ɗaya. Wanda ya ɗura tawadar da ya samu da araha yau, gobe ya ɗura wata, ya rushe furofil ɗinsa da hannunsa. Araha ba ta ado.

Fuskar mutanen ƙasa

Wani zai ce ai injin yana zuwa da furofil ɗinsa daga masana'anta. Haka ne, amma na tawadar kamfanin ne da takardar kamfanin. Kuma tarihi ya nuna abin da aka daidaita a wata ƙasa ba dole ya dace da wata ba. Daga shekarun 1950, masu wankin hoto suna daidaita injunansu da wani kati na Kodak mai hoton Baturiya, wanda aka yi wa laƙabi da Shirley. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fid da kati mai mata masu launin fata dabam-dabam. Launuka masu duhu su ne suka fi wuyar bugawa, domin a nan tawada take taruwa ta cushe. Injin da ba a daidaita ba yakan mai da fuskar baƙin mutum dunƙulen duhu mai ido biyu. In aka mayar wa makiyayi da hotonsa aka ce ba a gane shi, bayan ya yi tafiyar yini daga rugarsa ta Tarka, asarar ta wuce ta kuɗin hoto: akwai kuɗin mota, akwai yinin da ya bar dabbobinsa.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Ga ɗan kasuwa, maganin yana da sauƙi. Kada ya yarda da launin da ya gani a allo ko a wayar salula. Ya nemi a buga masa gwaji ɗaya a kan takardar da za a yi aikin da ita, ya duba shi a inuwa da hasken rana, su sa hannu shi da mai bugawa, kowa ya riƙe nasa. Gani ya kori ji. Ranar karɓar kaya, wannan takarda ce alƙali. Manyan maɗaba'u ma ba sa alkawarin launi cif da cif: ƙa'idar ISO 12647-2 ta yarda da tazarar da ta kai 5 a ma'aunin Lab ga manyan tawadoji, alhali ido yakan fara rarrabe launi biyu da ke kusa da juna tun daga wajen 1.

Ga ma'aikacin da ke rubuta takardar odar kaya wa perefektir, ko ofishin magajin gari, ko wata ma'aikata, nauyin ya fi haka, domin dukiyar jama'a ce a hannunsa. Na'urar da aka saya ba tare da an tambayi lojisiyel ɗin da ke tuƙa ta ba, da irin kwamfutar da yake buƙata, da inda za a samu tawadarta bayan shekara biyu, makomarta kabad ce. Layi uku a cikin takardar oda sun isa su hana wannan: a faɗi lojisiyel da lasisinsa, a tabbatar na'urar tana fid da awonta a fayil ɗin da kowane lojisiyel zai karanta, a kuma sa horon mutum biyu cikin kuɗin.

Su kuwa masu hoto da masu buga takardu, babu dalilin da zai sa kowane shago ya mallaki ma'auninsa, tun da ba kullum ake yin furofil ba, sai an sake tawada ko takarda, ko inji ya tsufa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In masu sana'ar na jahar Damagaram suka haɗa kuɗi suka ajiye ma'auni ɗaya a birni, a hannun wanda ya ƙware, mai shago a Belbeji ko Tanut sai ya buga takardar gwajinsa, ya sa ta a ambulan don kada rana da ƙura su taɓa ta, ya ba direban motar kasuwa, furofil ya dawo masa ta wayar salula, tun da fayil ɗin bai fi hoto ɗaya ko biyu nauyi ba. Haka masu ƙananan shaguna suke yi a Turai ta hanyar gidan waya. Motocin da ke kai gero da dabbobi Damagaram kowane mako ba za su kasa ɗaukar takarda biyu ba.

Allah ya ba mai saye da mai sayarwa ikon cika awo.